Ɓeraye, Keken Gudu da Ciwon Jikin da Awo Ba Ya Gani

Gwaggona da ke Tudun Wada tana da wata baƙar leda da take ajiyewa a ƙarƙashin filo. Takardun awo ne a ciki: na maleriya, na taifot, na suga, na ƙoda, da hoton ƙashin baya har kala biyu. Shekara shida ke nan tana tara su, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, babu komai. Ranar da na raka ta karɓo na ƙarshe, muna tsaye a bakin titi muna jiran abin hawa, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in lafiyata ƙalau, to wa ke dukana da dare?"

Haka take kwatanta shi. Ta kwanta, ta tashi da asuba kamar wadda aka kwana ana kirɓawa a turmi. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi cinya da dambubu. Jikanta ya faɗo mata a cinya da wasa, sai ta yi ƙara. Ga gajiyar da barci ba ya kashewa, ga mantuwa, ta ɗora tukunya ta rasa ko ta sa gishiri ko ba ta sa ba. A gida kowa da fassararsa. Wasu su ce sanyi ne ya kama ta, wasu su ce jifa ne a nemi tofi, masu ƙarancin tausayi kuwa su koma gefe su ce raki ne da son jiki. A kemis a haɗa mata ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar takarda, ta sha ta samu sa'ida ta yini guda, gyambon ciki ya biyo baya.

Daga baya wani likitan gaɓɓai ya zauna ya saurare ta da kyau, ya danna nan ya danna can, ya ce abin da ke damunta sunansa faibromayaljiya. Sunan ne baƙo a kunnenmu, ciwon kam ɗan gida ne. Ana kiyasin mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100 suna fama da shi, kuma mata sun fi yawa. Tun 1904 wani likitan Ingila, William Gowers, ya raɗa masa suna mai nufin kumburin nama, aka yi ta neman kumburin shekara da shekaru ba a gani ba. A 1981 Dokta Muhammad Yunus, likitan gaɓɓai a jihar Ilinoyi ta Amurka, ya fitar da binciken da ya jera alamomin ciwon a tsare. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta kafa ƙa'idar gane shi: ciwo a sassan jiki daban-daban na aƙalla wata 3, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 idan an danna. A 2010 aka ajiye maganar danne-dannen, aka ƙara wa gajiya da rashin barci da mantuwa nauyi. Awon jini ba ya nuna shi. Aikin awo shi ne kore cututtukan da ke kama da shi, irin su ƙarancin jini, ƙarancin bitamin D, rauni a aikin tayiroyid ɗin maƙogwaro da amosanin gaɓɓai. Ke nan ledar Gwaggo ba asara ba ce, ita ta share wa likitan hanya.

To in nama lafiya yake, ƙashi lafiya yake, daga ina ciwon ke fitowa? Duk wanda ya taɓa zama kusa da masallacin da aka ƙure wa na'urar ƙara sauti zai gane. Ladan bai ɗaga murya ba, amma ko numfashinsa sai an ji a ƙarshen layi, takarda ya taɓa sai ka ji kamar tsawa. Saƙon ciwo yana tashi daga fata da tsoka, ya bi jijiyoyi ya shiga laka, daga nan ya haura ƙwaƙwalwa. A kan hanyar akwai inda ake ƙara masa ƙarfi, akwai inda ake rage shi, ƙwaƙwalwa da kanta ma tana aiko da umarni ƙasa a sassauta. A jikin mai wannan ciwo an murɗa maƙunnin sama, ya maƙale a can. A 1994 an auna ruwan lakar masu ciwon, aka samu wani sinadari mai kai saƙon zafi ya kai kusan ninki uku na wanda ke jikin masu lafiya. A 2002 aka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana matsa musu farcen babban yatsa. Kusan rabin matsin da ake yi wa mai lafiya ya isa ya kunna musu wuraren jin zafi. Duk wanda ya ce wa Gwaggo raki ne, ya zalunce ta.

Wannan ne ya sa su ibufrofen da diklofenak ba sa taɓuka abin kirki a nan. Maganin kumburi ne, kumburin kuwa babu shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna uku don wannan ciwo, pregabalin a 2007, duloxetine a 2008, milnacipran a 2009, amma wani kaso ne kawai na marasa lafiya ke samun sauƙi na a zo a gani, ga jiri da kasala, ga tsada. Da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta tace duk hujjojin da ake da su a shawarwarinta na 2017, abu ɗaya tak ta ba cikakken goyon baya, kuma ba ƙwaya ba ce, motsa jiki ne. Mai ciwo in ya ji haka ransa ɓaci yake yi, kuma ina ganin yana da gaskiya ya nemi bayani. Ta yaya tafiyar ƙasa za ta yi abin da allura ta kasa? Ba za a buɗe lakar mutum mai rai a leƙa ba. Nan ɓeraye suka shigo.

Kathleen Sluka, likitar fisiyo ce, wato masu jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, kuma mai bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka. A 2001 ita da abokan aikinta suka samo hanyar sa wa ɓera ciwo mai kama da wannan. Sukan ɗauki ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, su tsamama shi ya kai kusan tsamin ruwan tumatir, su yi wa ɓera allura a dambubun ƙafa ɗaya. Allura ɗaya, ya ɗan ji zafi, kafin gobe ya wuce. Amma in aka sake yi masa a wurin bayan kwana 5, sai zafi ya zauna har mako 4, kuma ba a ƙafar da aka yi wa allurar kaɗai ba, har ɗaya ƙafar da ko taɓa ta ba a yi ba. Aka duba tsokar, babu rauni, babu kumburi. Aka kashe wurin allurar da maganin kashe zafi, ɗaya ƙafar ta ci gaba da ciwo. Ashe ciwon ya bar tsoka, ya tare a laka da ƙwaƙwalwa. Wani abin lura kuma, in aka bar kwana 10 tsakanin allurar farko da ta biyu, ciwon ba ya zama. Dukan farko yana barin jijiyoyi cikin shirin ko-ta-kwana na ɗan lokaci, in na biyu ya same su a haka sai maƙunnin ya maƙale.

Ɓera ba ya magana, to ta yaya ake sanin yana jin zafi? Ana ɗora shi a kan raga, a riƙa taɓa tafin ƙafarsa daga ƙasa da wasu siraran zaruruwa masu kama da gashin wutsiyar doki, kowanne da ƙarfin da yake lanƙwashewa a kai. Masanin nan Max von Frey ne ya ƙirƙiro dabarar tun ƙarshen ƙarni na 19. Ɓera mai lafiya ba ya kula siririn zare. Mai ciwo kuwa da an taɓa shi sai ya fizge ƙafa. Haka nan ana matsa tsokar da wani ɗan awartaki mai ma'auni, a ga a wane matsi zai janye.

A 2005 Marie Bement da Sluka suka ɗauki ɓerayen da ciwon ya riga ya zauna musu, suka sa su tafiya a hankali a kan injin tafiya, 'yan mintuna a kullum, kwana 5 a jere. Ciwon ya ragu a ƙafafun biyu. Sai suka ba su nalokzon, maganin da likitoci ke farfaɗo da wanda mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, ko hiroyin ya yi wa yawa, domin shi aikinsa toshe ƙofofin da waɗannan sinadarai ke shiga. Da aka toshe, amfanin tafiyar ya ɓace. Ma'ana tafiyar tana sa jiki ya saki nasa mofin ɗin, wanda Allah ya halitta a cikinsa, ya bi ta ƙofofin nan ya rage sautin.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013. Wannan karon ba a tilasta wa kowa ba. An sa wa wasu ƙananan ɓeraye wata 'yar taya mai juyawa a wuri ɗaya cikin kejinsu, su hau in sun so, su sauka in sun so. Ɓera kuwa yana son gudu, yakan yi kilomitoci a dare ɗaya don kansa. Wasu kuma aka bar su a keji babu taya, ci da kwanciya kawai. Bayan mako 8 aka yi wa kowa allurar tsamin nan biyu. Na zaune suka kamu. Masu gudu ciwon bai kama su ba. Da aka duba gindin ƙwaƙwalwarsu, inda umarnin ƙara sauti ko rage shi ke fitowa, sai aka ga alamar zaburar jijiyoyin da ta bayyana a na zaune ba ta bayyana a masu gudu ba. Gudun bai mayar da su marasa jin zafi ba, sabon rauni yana yi musu zafi kamar kowa. Abin da ya hana shi ne zafin ya zama ɗan zaman gida. Kuma kariyar tana tare da gudun ne, in an cire tayar, a hankali take gushewa.

A 2016 suka leƙa cikin tsokar kanta. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikin nama suna share datti, kuma iri biyu ne: masu hura wuta da masu yayyafa ruwa. A tsokar ɓeran da ba ya motsi masu hura wutar sun fi yawa. A ta mai gudu masu yayyafa ruwan suka rinjaya, suna fitar da wani sinadari da ake kira IL-10 mai kwantar da jijiyoyin jin zafi. Da aka toshe aikin wannan sinadari a masu gudun, kariyar ta rushe. Da aka ba na zaune shi, suka samu sauƙi. Ga ƙwaƙwalwa ta sauya, ga nama ya sauya, duk daga hawa taya.

Na kai wa Gwaggo wannan labari cike da murna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wane motsa jiki kuma, ɗan nan? Ni da tun asuba nake tsaye, shara, wanki, jan ruwa a rijiya, tuƙin tuwon mutum goma sha biyu? In motsi magani ne ai da na fi kowa lafiya a layin nan." Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Amsar tana cikin ɗaya ɓangaren binciken, wanda masu cewa "ki dinga motsa jiki" ba su cika ambata ba.

Su Sluka sun yi gwajin ta baibai ma. Sun ɗauki ɓeran da bai saba motsi ba, suka sa shi gudu na awa 2 har ya galabaita, sannan suka yi masa allura mai rauni ƙwarai, wadda ita kaɗai ba ta isa ta sa ciwo ba. Gajiya ta haɗu da 'yar allura, ciwo mai daɗewa ya tashi. A wani gwaji na 2013 da aka gajiyar da tsoka ɗaya kawai, an ga bambanci tsakanin jinsi: a maza ciwon ya tsaya a ƙafar da aka gajiyar, a mata ya tsallaka ɗaya ƙafar, kuma ya fi daɗewa. Motsi ɗaya ne, amma wanda aka yi da kaɗan-kaɗan kullum ya zama kariya, wanda aka yi a tashi ɗaya har jiki ya ƙare ya zama makamashi.

A fahimtata, rayuwar Gwaggo ta fi kama da gwaji na biyun. Na lura da ita sosai. Ranar da ta tashi da ɗan dama-dama sai ta ce bari ta rama bashi: ta wanke kayan mako guda, ta goge ɗaki, ta tafi Kasuwar Barci a ƙasa ta dawo da kaya a ka. Kwana uku masu zuwa tana kwance, ko sallah a zaune. Ta ɗan farfaɗo, ta sake rama bashi. Wannan wahala ce, kuma wahala daban, motsa jiki daban. Ɓeran da ya tsira shi ke zaɓar lokacin hawa, shi ke zaɓar lokacin sauka, kuma yana yi kullum. Matan gidajenmu da yawa ba su da wannan zaɓin. Shi ya sa nake ganin maganar ba ta marar lafiya kaɗai ba ce. In ba a ɗauke mata jan ruwa da wankin ba, ce mata ta ƙara da tafiyar safe ƙara mata kaya ne.

Abu na biyu da ɓeraye suka yi wa bayani shi ne 'yar na'urar nan da ake kira TENS, wadda masu fisiyo ke manna wa mutum a fata tana sakin wutar batir mai kama da tafiyar kiyashi. Asalin tunanin na Ronald Melzack da Patrick Wall ne a 1965, cewa saƙon taɓawa yana iya rufe wa saƙon zafi ƙofa a laka, dalilin da ya sa in ka buge gwiwa hannunka ke kaiwa wurin yana mulmulawa. A 1999 aka gano a ɓeraye cewa abin ya wuce haka, na'urar ma mofin ɗin jiki take tayarwa, kuma bugu a hankali da bugu da sauri ƙofofi daban-daban suke bi. Aka kuma ga in ana yi kullum da saiti ɗaya, zuwa kwana na 4 jiki ya saba, ta daina aiki. Da waɗannan darussa aka tsara gwajin mutane: a riƙa cakuɗa saurin bugun, a ƙara ƙarfi har inda mutum zai iya ɗauka ba tare da ya ji zafi ba, a kuma sa ta lokacin da ake aiki. Sakamakon ya fito a 2020, mata 301 masu faibromayaljiya, mako 4. Kashi 44 cikin 100 na masu na'urar gaske sun samu raguwar ciwo mai ma'ana, masu na'urar bogi kashi 22, waɗanda ba a ba komai ba kashi 14. Ba kowa ta yi wa aiki ba, fiye da rabi ma ba su kai wannan mataki ba. Amma wannan yana cikin wurare ƙalilan da abin da aka gani a keji ya tabbata a jikin mutum.

Akwai wani reshe na wannan bincike da ya shafe mu kai tsaye. Ɓeran da jikinsa ya saba da mofin, TENS mai bugu a hankali ba ta yi masa aiki, domin ƙofar da take bi ta riga ta dakushe. An ga irin haka a marasa lafiya a Kanada a 2011. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya kiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan irin su taramol ba bisa umarnin likita ba. Muna yawan kallon abin a matsayin shaye-shayen matasa. Amma a cikinsu akwai lebura da ɗan dako da uwar gida waɗanda ciwon jiki ne ya fara kai su kemis. Taramol ta ƙofar mofin take bi. Mai shanta kullum yana iya dakushe hanyar da jikinsa ke bi ya taimaki kansa.

Sai barci. Tun tsakiyar shekarun 1970 Harvey Moldofsky a Toronto ya riƙa katse wa matasa masu lafiya barci mai nauyi da ƙara, cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon jiki. A 2017 masu bincike a Boston suka hana ƙananan ɓeraye barci ta hanya mai taushi, suna ba su sababbin kayan wasa duk lokacin da suka fara gyangyaɗi. Jin zafinsu ya ƙaru. Ibufrofen bai hana ba, mofin ma ƙarfinsa ya ragu. Da aka bar su suka rama barcin, suka dawo daidai. Duk wanda ya san daren Kaduna a watan Maris da Afrilu, babu wuta, ga zafi, ga sauro, ga janaretan maƙwabta, zai fahimci abin da ya sa ciwon wasu ke tashi a bazara. Gidan sauro da ɗaki mai iska da kwanciya a kan lokaci suna cikin magani, ko da ba a rubuta su a kati ba.

Allurar Sin, wato soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki, ita ma an bi ta a ɓeraye. A 2010 a Jami'ar Rocesta aka ga juya allurar a ƙasan gwiwa yana ninka wani sinadari mai suna adenosin sau 24 a wurin, shi kuma yana kwantar da jijiyar zafi. Sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi, ƙofar adenosin yake toshewa, kuma an nuna a ɓeraye cewa yana ɓata aikin allurar. Gwaggo ba ta rabuwa da goro a bakin zane. Game da ƙaho kuwa, wanda mutanenmu suka fi sani, an gwada busasshensa, wanda ba a tsagawa, a Jamus a 2016 kan masu wannan ciwo. Ya fi zama haka nan, amma bai fi ƙahon bogi ba.

Masu cewa sanyi ne ba su yi nisa da gaskiya can-can ba. A Jami'ar Nagasaki ta Japan, a 2008, Hiroshi Ueda da abokiyar aikinsa sun riƙa sauya wa ƙananan ɓeraye wuri duk minti 30, daga ɗaki mai ɗumin digiri 24 zuwa mai sanyin digiri 4, suka samu ciwon jiki mai daɗewa babu rauni. Waɗanda aka bari cikin sanyin ba sauyi ba su kamu haka ba. Sauye-sauyen ne illar. Ina tuna wannan duk lokacin hunturu, da asuba haƙora na haɗuwa, da azahar ana neman inuwa. A Jami'ar Arizona kuma, Mohab Ibrahim ya sa ɓeraye cikin koren haske awa 8 a kullum na kwana 5, jin zafinsu ya ragu. Da aka rufe musu idanu da gilashin da haske ba ya ratsawa, amfanin ya tafi, ke nan ta ido abin ke shiga. An gwada a mutum 21 masu faibromayaljiya suka ce sun ji sauƙi, sai dai mutum 21 ba yawa ba ne, kuma kowa ya san kalar fitilar da aka kunna masa. Ban ga dalilin da zai sa wani ya kashe kuɗinsa kan koren ƙwan fitila ba tukuna.

Shi kansa bayanin na'urar ƙara sauti ba shi ne ƙarshen zance ba. A 2021 masu bincike daga Landan da Libaful da Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka tace sojojin garkuwar jiki daga jinin masu ciwon suka ɗura wa ƙananan ɓeraye. Ɓerayen suka fara jin zafin matsi da na sanyi, riƙonsu ya yi rauni, motsinsu ya ragu. Na jinin masu lafiya bai yi musu komai ba. Bayan 'yan makonni, da sojojin suka fita daga jikinsu, suka warke. A 2025 wasu a Jami'ar McGill ta Kanada suka dasa ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjin mata masu ciwon a cikin ɓerayen da aka raina babu ko ƙwaya ɗaya a hanjinsu, su ma suka kamu da ciwo. Mai yiwuwa abin da muke kira da suna ɗaya cututtuka ne da dama da suka yi kama.

Duk da haka ɓera ɓera ne. Ciwonsa na mako 4 ne, na Gwaggo ya shekara shida. Zaren von Frey yana auna fizge ƙafa, ba ya auna mantuwa, ko baƙin cikin matar da mijinta ya daina yarda tana ciwo. Kuma fannin yana da tabonsa. Jeffrey Mogil na McGill ya ƙirga binciken da aka buga a babbar mujallar nazarin ciwo daga 1996 zuwa 2005, ya samu kashi 79 cikin 100 maza zalla aka yi amfani da su, alhali ciwo mai daɗewa ya fi kama mata. A 2014 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa warin jikin namiji mai bincike kaɗai yana tsorata ɓera har ya rage nuna zafi, ko rigar da namiji ya kwana da ita aka ajiye a ɗakin haka take yi. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye suka zo kan mutum suka faɗi. Don haka in ka ga tallar wani abu a Facebook ana cewa "bincike ya tabbatar", tambayar farko ita ce, a jikin wa?

Raina ba ya kwanciya gaba ɗaya da sa wa dabba ciwo da gangan. Mun taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Masu binciken ma suna da ƙa'idar da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Abin da zai halatta wahalar, a ganina, shi ne tambayar ta cancanta, amsar kuma ta isa ga masu ciwo.

A nan ne nake da kira ga namu. Kaduna ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa tana Unguwar Rimi da dabbobin gwajinta, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ɗaliban harhaɗa magunguna sun daɗe suna gwada saiwoyi da sassaƙe a kan ɓeraye. Akasarin gwaje-gwajen na zafin mintuna ne, a ɗora ɓera a faranti mai ɗumi a ƙirga daƙiƙa. Gwajin Sluka ba ya buƙatar na'urar miliyoyi, ruwan gishiri ne da 'yar taya da zaruruwa da haƙurin makonni. Tambayoyinmu kuwa suna nan jibge. Gashi da ruwan zafi da tawul, tausar da tsofaffi ke yi da man shanu ko man kaɗe, sauyin sanyi da zafin hunturu, duk abubuwa ne da ake iya aunawa, kuma ba wanda zai auna mana su daga Ayowa.

Ita Gwaggo, likitan ya tura ta sashen fisiyo. Irin wannan sashe akwai shi a asibitin koyarwa na Barau Dikko, akwai a na Shika. Matar da ta duba ta ta ce, "Hajiya, minti biyar kawai nake so, bayan sallar asuba, daga ƙofar gida zuwa bakin layi ki dawo. Ko kin ji za ki iya goma, ki tsaya a biyar." Duk mako ana ƙara minti ɗaya ko biyu. Muka yi zaman gida, jan ruwa ya koma kan samari, wanki aka raba shi kwana uku. Makon farko ta ce ciwon ma ƙaruwa ya yi, ta so ta bari, 'yarta ta riƙa fita da ita. Yanzu wata na biyar ke nan, tana yin minti 20, tana kaiwa har wajen mai ƙosai ta juyo. Ciwon bai tafi ba. Ranar Talatar da ta wuce ma a kwance na same ta, an yi biki a dangi ta tsaya a kan tukwane yini guda. Amma ta koma yin sujada a ƙasa a yawancin salloli, kuma rabon da a aika yaro kemis karɓo haɗi tun kafin azumi.